Ranar da Muka Kai Yaya Sikanin

Yayana mahauci ne a Samaru. Ƙato ne, mai zafin zuciya, amma shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu. A shekarar da nake ba da labari, ciwo ya kama shi a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Da ya ci abu mai maiƙo sai ya faɗi yana birgima, yana dukan bango har hannunsa ya fashe. Na yi masa rubutu ya sha, na yi tofi, sannan na kai shi asibiti, domin Wanda ya saukar da cuta Shi ya saukar da magani.

Likita ya ce yana zaton duwatsu ne a matsarmama, amma ba zai sa wuƙa ba sai ya ga hoton ciki. A je a yi sikanin, kada ya ci komai kafin a yi.

"Sikanin?" in ji Yaya. "Abin da ake yi wa masu juna biyu? Ni?"

Ya ƙi. Sai da idanunsa suka fara yin rawaya, matarsa ta durƙusa tana kuka, sannan ya yarda, da sharaɗin mu tafi Sabon Gari inda ba a san shi ba.

Wurin yana wani lungu a bayan unguwar PZ. Benci ɗaya ne a waje, cike da mata masu ciki. Yaya ya tsaya gefe, ga yunwa ga ciwo, ya dafe cikinsa. Wasu samari masu Keke suna jiran fasinja a bakin ƙofa. Ɗayansu ya dube shi ya ce, "Baba, wata nawa ne? Allah Ya raba lafiya!" Matan suka sunkuyar da kai suna dariya.

Ban ga tashin hannun Yaya ba, ƙarar kawai na ji. Saurayin ya kifa kan Kekensa, jini na zuba daga bakinsa. Kafin in ce "Subhanallahi" sauran sun rufe Yaya da duka. Wani ya zaro ƙarfen kwance taya. Na shiga tsakani ina cewa, "Ku ji tsoron Allah, marar lafiya ne!" Aka naushe ni a ido, rawanina ya faɗa kwata. Suka kayar da Yaya, wani ya sa ƙafa ya hamɓare shi daidai wurin ciwon. Ihun da ya yi ban taɓa jin irinsa daga bakin ɗan Adam ba.

Mai ɗaukar hoton, wani Inyamuri mai furfura, ya fito da gudu yana cewa da Hausarsa, "Kai! Za ku kashe mutum a ƙofa na?" Ni da shi muka ja Yaya ciki, ya danna sakata. A waje suna ta dukan ƙofar.

Yaya na son ya miƙe ya koma musu. Na danne kafaɗunsa na ce, "Yaya, don darajar iyayenmu ka kwanta. In ka fita, gawarka zan mayar Samaru."

Ya kwanta yana huci. Mutumin ya shafa masa wani abu mai sanyi a ciki, ya ɗora na'urar a ƙarƙashin haƙarƙari, ya ce ya ja numfashi ya riƙe. Yaya ya zabura, ya ciji hannun rigarsa. A fuskar injin na ga wani baƙi kamar tawada ta kife a allo, da farare-farare a kwance cikinsa.

"Alhaji, ga duwatsun nan. Matsarmamar ta kumbura sosai. Yau ɗin nan za ka koma wa likita, ba gobe ba."

Yaya ya daɗe yana kallo. Sannan ya tofar da jini a tafin hannunsa, ya ce da ni a hankali, "Tambaye shi ko akwai ƙofar baya."

Akwai. Ta nan muka fita. Kafin la'asar an ba shi gado a asibiti.