'Yar'azumi Mai Kai Wayoyi Gaisuwa

Duk wanda ya taɓa sayen bandar kifi a kasuwar Haɗeja ya san 'Yar'azumi, ko bai san sunanta ba ya san muryarta. Gajeriya ce mai ƙiba, takan zauna a bayan kwandonta tana tsokanar duk mai wucewa. A Tudun Mala aka haife ta, wani ƙauye a cikin fadamar Baturiya, wanda in damina ta yi nisa ruwa ke zagaye shi, sai da kwalekwale ake shiga. Mijinta Modu masunci ne. Shi ke kamo tarwaɗa da karfasa, ita ta yi banda, ranar kasuwa ta ɗauki kwando ta nufi birni.

Babu sabis a Tudun Mala, ko kan giginya ka hau. Wannan bai hana 'Yar'azumi sayen babbar waya ba, shekarar da kifi ya yi albarka. Malam Nu'uman, wani dattijo mai gyaran waya a bakin kasuwa, shi ya saka mata manhajar kallon fina-finai, ya yi mata rajista, ya sauke mata wani dogon shiri don ta kalla a gida ba tare da sabis ba. Labarin wani direba ne Bakari da wata ma'aikaciyar asibiti Mardiyya, masu son juna amma kullum sai wani abu ya gifta.

Tun daga nan gidanta ya zama dandali. Bayan la'asar matan unguwa su cika tsakar gida, a jingina waya da turmi, hayaƙin banda na shiga ido, ba wadda ke motsawa. Aminiyarta Zulaihat ce ke zama a gaba, tana yi wa Mardiyya faɗa kamar ƙanwarta.

Sai ruwa ya ƙaru, ciyawar kacalla ta toshe hanyar jirgi, 'Yar'azumi ta yi makonni ba ta leƙa kasuwa ba. Ran nan an taru, an tsaya jiya daidai inda aka ƙwanƙwasa wa Mardiyya ƙofa, kowa na son ganin ko wane ne. Ta danna waya, sai wani rubutun Turanci ya fito. Ta sake dannawa, shi ne dai.

"Zulaihat, ke kika riƙe ta jiya da hannun mai!"

"Ni? Wallahi da bakin mayafi na kama ta."

Aka cusa wayar cikin buhun shinkafa ta wuni, wai ko sanyi ne ya shige ta. Aka shanya ta a rana. Wata tsohuwa ta ce baki ne, a yi mata turare. Duk a banza.

Ranar da aka samu hanya ta buɗe, ko kwando ba ta sauke ba ta tsaya gaban rumfar Malam Nu'uman. Ya gyara tabarau, ya duba.

"Lafiyarta ƙalau, Inna. Kwaɗo ne a kan fim ɗin."

"Kwaɗo?" Ta dafe ƙirji. "Sai da na ce wa Modu ya daina ajiye min ita kusa da randa! Ta ina ya shiga? Yana da rai?"

Malam Nu'uman ya yi dariya har da tari. Ya nuna mata ɗan hoton da ke gefen rubutun: kwaɗon rufe ƙofa ne, ba na ruwa ba. Ya ce mata fim ɗin yana nan cikin wayar bai je ko'ina ba, amma a kulle masu shi suke bayarwa. Lokacin saukewa wayar takan roƙi makulli daga wurinsu, ta ɓoye a cikinta, da shi take buɗewa ko babu sabis. Sai dai makullin na ɗan lokaci ne. In wa'adinsa ya cika, dole wayar ta samu sabis ta sake roƙon sabo.

"Wato sai ta je ta gaishe su."

"Kusan haka ne."

"To yanko min nawa in ɗaure a bakin zani."

"Ai ba a ganinsa, Inna."

"To tura wa Zulaihat fim ɗin, in nawa ya kulle mu kalli nata."

"Ba zai buɗe ba. Kowace waya da nata makullin."

Ta tafa hannu. "Kaya a ɗakina, makulli a hannun wani. Kai, Malam Nu'uman, an yi marowata a duniyar nan."

Ya kunna data, ya buɗe manhajar, kafin ta gama mita kwaɗon ya ɓace. Da yamma aka ga wanda ya ƙwanƙwasa ƙofar. Mai kawo takardar kuɗin wuta ne. Zulaihat ta kusa jifan wayar da muciya.

A hankali wasu a garin suka sayi irin wayar, su ma kwaɗo ya fara hawa musu. Tunda 'Yar'azumi ce ba ta fashin kasuwa, sai aka riƙa kawo mata. Ita ce ke yi wa kowa bayani, yadda ta fahimta: "Waya kamar matar aure ce. In ta daɗe ba ka bar ta ta je ganin gida ba, yaji za ta yi maka." Takan naɗe su a leda, ta zuba a samira, ta ɗora kan kifi. A kasuwa ta jera su gefen kwando tana buɗe su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda aka koya mata, har baƙi kan tsaya su taya. Wayoyin Tudun Mala gaba ɗaya suka koma ƙamshin banda. Akwai wanda ya iske mage ta tasa tasa a gaba tana lasa.

Har limamin garin, Malam Abdulmannan, ya shiga sahu. Shi karatun littattafai yake saukewa daga wata manhaja, ya haɗa da 'yar lasifika, dattawa su saurara a ƙofar masallaci bayan la'asar. Mutum ne da ba a saba ganin haƙoransa ba. Tsautsayi ya sa wayarsa iri ɗaya ce da ta Zulaihat, launi ɗaya, ƙamshi ɗaya. Ran nan 'Yar'azumi ta dawo a gajiye, ta miƙa wa Malam ta Zulaihat, ta miƙa wa Zulaihat ta Malam.

Dattawa sun jeru kan tabarma, Malam ya yi bisimilla ya danna. Sai kiɗa ya tashi, Bakari na rera wa Mardiyya cewa idanunta sun hana shi ganin titi. Malam ya danna don ya kashe, ƙara ta ƙaru. Ya kifa wayar, lasifika ba ta san an kifa ba. Ƙarshe ya cusa su duka ƙarƙashin buzu ya zauna a kai, waƙar na fitowa daga ƙasansa a daƙushe. Ladan ya miƙe ya ce zai je ya duba akuyarsa, ba a sake ganinsa ba sai magariba.

A can gidan 'Yar'azumi kuwa, Zulaihat ta danna wayar da aka ba ta, mata sun shirya kallon ko Bakari zai kai gaisuwar iyaye, sai suka ji wani malami na bayanin abubuwan da ke warware alwala. Ba wadda ta yi ƙarfin halin kashewa. Suka gyara ɗankwali suka saurara har ƙarshe, kifi na ƙonewa a kan wuta.

'Yar'azumi ta ja mayafi ta tafi ƙofar gidan Malam, ta durƙusa.

"Allah gafarta Malam, kuskure aka samu. Ga taka."

Ya karɓa fuska a murtuke. Ta miƙa hannu don ta Zulaihat, ya ce ta bari tukuna, sai ya bincika irin abin da ake nuna wa matan garinsa. Binciken bai ƙare ba sai da aka kwana biyu. Da ta koma karɓa, ya yi mata nasiha mai tsawo a kan ɓata lokaci. Ta yi godiya, ta miƙe. Har ta kai zaure ya yi gyaran murya.

"'Yar'azumi. Shi wannan yaro direba, iyayen yarinyar sun san da maganarsa?"

"Ai nan aka tsaya, Malam. Sai an sauko da na gaba."

"To. In an sauko da shi a sanar da ni. Akwai hukunci a ciki."

Daga ranar ta fara ɗaura wa kowace waya zare mai launi daban kafin ta shiga samira. Juma'ar da ta biyo baya, Malam ya yi huɗuba mai zafi a kan samarin da ke tuƙi suna tunanin 'yammata, ya ce da idonsa ya ga wanda ya kusa afka wa tirela. Maza suka fito suna tambayar juna ɗan gidan wa ake nufi, tunda duk Tudun Mala ba mai mota. Da labari ya kai cikin gidaje, sai Zulaihat ta shiga ɗaki ta tura ƙofa, aka riƙa jiyo dariyarta har gidan maƙwabta.