Mak Cik Salbiah Mai Jinin Aro

Duk mai zuwa ɓangaren masu ciwon dajin jini ranar Laraba ya san Mak Cik Salbiah, wato Gwaggo Salbiah a harshen mutanen wurin. Ba ma'aikaciyar asibitin ba ce, shinkafar kwakwa da soyayyen kifi take sayarwa a garin Klang. Amma ita ma ta taɓa kwanciya a nan, aka yi mata dashen ɓargo, Allah ya tashi kafaɗunta. Shi ya sa idan mara lafiya ya rasa tudun dafawa, a yi masa dashen ko a bari, nas-nas sukan tura shi wurinta.

Ƙaninta Jamil ne ya ba ta ƙwayoyin ɓargon, alhali a lokacin ba sa ga-maciji don ya sare mata bishiyar mangwaro. Bayan dashen sai rukunin jininta ya koma irin nasa, ita kuwa ta samu wanda za ta riƙa ɗora wa laifi. Miya ta ƙone, jinin Jamil ne. Ta yi wa mai sayen abinci tsiwa, jinin Jamil ne.

Wata Laraba aka nuna mata Pak Cik Hamdan, wato Kawu Hamdan, tsohon direban bas, zaune ya haɗe rai. Likita ya yi masa bayani har ya gaji, ɓargon ƙanwarsa Noraini ya dace da nasa, amma ya kafe.

Salbiah ta zauna kusa da shi ta ce, "Pak Cik, kai ne jarumin da aka ce yana tsoron allura?"

"Wane maƙaryacin ne ya faɗa?" Ya harare ta, can ya sassauta murya. "Da wuya?"

Nan ta ajiye wasa. "Da wuya ƙwarai. Bakina ya yi gyambo, ko ruwa ba na iya haɗiyewa. Gashi ya zube. Na yi makonni a killace ni kaɗai. Wadda aka yi mana tare ba ta koma gida ba. Ba zan ce ka yi ba, ba zan ce ka bari ba."

Ya ce, "Ba ta kaina nake yi ba. Noraini na da ƙananan yara. A fasa mata ƙashi saboda tsoho irina?"

Salbiah ta zaro waya ta kira ƙaninta, ta buɗe murya. "Jamil, gaya wa wannan bawan Allah yadda aka fasa maka ƙashi."

Jamil ya ce wa yayarsa, "Wane ƙashi kuma, Kak? Allurai aka yi mini na 'yan kwanaki, bayana ya yi ta tsami, sannan na wuni a kujera inji na tace jinina, ina kallon ƙwallo. Babbar wahalar ita ce da kika warke."

"Ka ji mara kunya!"

Hamdan ya yi dariya har da tari. Bai yanke shawara a ranar ba. Sai da ya koma wurin likita tare da Noraini, suka yi masa tambayoyi son ransu, sannan ya amince.

Ya sha jiki. Fatarsa ta yi ƙuraje, zazzaɓi ya sake mayar da shi gado, amma ya fita da ƙafarsa. Da Salbiah ta sake ganinsa, ya rame, da takunkumi a fuska, Noraini na biye da shi. Noraini ta ƙwace masa sigari, ta hana shi shiga rana, wai tunda ta zuba ɓargonta a jikin nan ba za ta bari a lalata shi ba.

Ya matso kusa da Salbiah, ya nuna ƙanwarsa da ido, ya ce ƙasa-ƙasa, "Mak Cik, ba ki gaya mini wannan ba."

Ta ce, "Ai ba ka tambaya ba."