Malama Rabi'atu da Dawar da ke Kwana

Liatu, ajiye tsintsiyar nan ki zo, don Allah yanzu-yanzu. Ɗauko alƙalaminki na makaranta da takarda. Kada ki ce mani sai an jima, ban san ko ina da an jima ba. Rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara mani baki.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni ce Hajo ta Ƙarfi, matar marigayi Maitama. Jiya Talata, cikin watan Sha'aban, wanda maƙwabciyata Liatu malamar firamare ta ce a boko ashirin da biyu ne ga Afrilu 1986, Allah ya karɓi ran Malama Rabi'atu, malamar gona, a Funtua, bayan ciwon kwana biyar. Direban motar kasuwa ya kawo labarin da safen nan.

Malama, da ke zan yi magana, don ke kaɗai kika saba saurarona.

Kafin ki zo, malaman gona sun daɗe suna zuwa garin nan. A zaure suke tsayawa, a shimfiɗa masu tabarma, su tambayi masu gida, su rubuta, su tafi. Mu dai ƙarar motarsu muke ji. Su suka kawo sabuwar dawar nan gajera mai saurin nuna. A gona kam ba ta da laifi. Amma in kika tuƙa tuwonta da yamma, kafin safiya ya saki, ya zama ruwa, ba ya ɗumamuwa. Gidan da ba ɗumame kuwa, yara da yunwa suke tashi, mace ta koma turmi tun rana ba ta fito ba. Muka gaya wa mazanmu su faɗa wa malamai cewa dawar nan ba ta kwana. Suka kuwa faɗa, ba su ƙara ba, ba su rage ba.

Shekara bakwai ke nan da kika shigo gidana. Kika wuce zaure, kika cire takalmi a bakin murhu, kika ce, “Inna, wurinki na zo.” Wallahi na tsorata, na ɗauka wani laifi na yi wa gwamnati. Kika buɗe takarda kika ce an rubuta mutanen Ƙarfi sun yaba wa sabuwar dawa, sun ce ba ta kwana a gona, kafin ka waiwaya ta nuna. Na ce maki, ɗiyata, wace gona? A tukunya muke nufi. Kika yi dariya har da hawaye. Kika ce shekara uku ana raba irin nan ƙauye-ƙauye a kan wannan magana ɗaya, ba wanda ya leƙo ya tambayi mai tuƙawa.

Ran nan kika karɓi taɓarya kika yi surfe da mu har tafin hannunki ya yi kanta. Tasalla, ƙawata da ke aure a Maska, ta zo mani wuni, tana ta yi maki tsiya, wai hannun biro ya gamu da gamonsa. Kika ce ai turmi ma makaranta ce, yau kika shiga aji ɗaya. Washegari da sassafe kika dawo, kika buɗe tukunyar da hannunki, kika ɗanɗana abin da muke ba 'ya'yanmu. Ba malamin da ya taɓa yi mana haka.

Da kika ga ba mu iya rubutu ba, ba ki ce to shi ke nan ba. Kika jera tukwane, kowace da ƙwarya a gabanta, kika ba kowace mace tsakuwa ta jefa wa tuwon da ya fi kwana lafiya. Kika ƙirga, kika rubuta, kowace da sunanta, ba sunan mijinta ba. Kika karanta mani nawa na ji. Ni da na haifi tara na binne huɗu, ranar na fara jin an ce sunana na cikin takarda.

Ba zan manta taron Funtua ba. Kika sa ni a mota da tukwane biyu na tuwon jiya a cinyata, kika dire su kan teburin manyan malamai. Na ji suna ƙus-ƙus, wai binciken murhu ya iso. Babbansu ya dube ni sama da ƙasa ya tambaye ki wace makaranta tsohuwar nan ta yi. Na so ƙasa ta tsage in shige. Kika ce, “Ranka ya daɗe, shekara hamsin tana gwada dawa safe da yamma. Waye cikinmu ya kai ta yawan gwaji?” Amma ba su yarda ba. Suka ce su buhu suke aunawa, ba malmala ba, in kina son wasan tukunya ki yi shi ranar hutunki.

Kika kuwa yi. Kowace Asabar sai ga ki. A gayaunata da ta Tasalla muka shuka tsohuwar dawar da na gada wurin uwata, wadda tuwonta ke kwana amma tana jinkirin nuna. Kika koya mana ɗaura tsumma a zangarniyar da ta riga 'yan uwanta nuna. Mu kuma muka koya maki tauna ƙwaya ki gane mai ƙarfin tuwo. Damina shida muna zaɓe, har shekarar fari ba ki fasa ba. Bara aka samu abin da ake nema, tana nuna da wuri, tuwonta yana kwana. Tiya huɗu ce duk duniya. Kika raba biyu, rabi wurina, rabi wurin Tasalla, kika ce bana za a raba wa mata su shuka.

Liatu, rubuta wannan ma. Malama, rabina ya lalace. Na zuba shi a tulu da toka na liƙe bakin da laka yadda muka saba, ashe tulun ya tsage ta gindi ban gani ba, idona ya yi rauni. Wancan makon na buɗe, ƙwari sun mai da shi gari. Tsoro ya hana ni aika maki. Na ce in kin zo Asabar zan durƙusa in faɗa, na san ba za ki yi mani faɗa ba, cewa za ki yi ai shi ya sa aka raba biyu. Asabar ta zo kina kwance. Ki yafe mani, ɗiyata.

Na gode maki. Na gode da takalmin da kika cire a bakin murhuna. Allah ya jiƙanki, ya yafe maki, ya haskaka kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Duk yaron da zai tashi ya tarar da ɗumame, Allah ya kai maki ladan. Malam Abdussamad maigidanki, da bai taɓa hana ki Asabar ɗinmu ba, da 'ya'yanki uku, da mahaifiyarki, Allah ya ba ku haƙuri, ya raya abin da ta bari. Mu ma matan Ƙarfi a yi mana gaisuwa, mun yi rashi.

Yanzu ki saurara da kyau, Liatu. Tiya biyun nan na Maska su kaɗai suka rage. Mijin Tasalla ya sha faɗa cewa dawa dawa ce, in malamar ba ta zo ba har azumi, a daka ta a yi kunun buɗa-baki. Azumi kuwa ya ƙarato. In shi ya fara jin rasuwar, an daka. In 'yan ofishin gona suka fara tunawa da dawar, mota za su turo su kwashe, su sa mata lamba, sunanmu ya ɓace. Saura kaɗan ruwa ya sauka a shuka ta, ƙasa ce kaɗai za ta ɓoye mana ita.

Ki naɗe takardar nan ki shiga motar farko. In kin isa Maska, kada ki tsaya a zaure, kada ki ba kowa saƙo ya shigar. Ki cire takalmi ki wuce har bakin murhu. Tasalla za a fara gaya mawa.