Mijin Dakta

Ni na fara ganin sanarwar a waya. Wata jami'a ce ke neman mutum ɗaya mai digiri na uku, ya yi shekara biyu yana bincike kan noma ko kiwo a bakin iyaka. Lokacin ina koyarwa a Gumel, na shekara uku da gama nawa digirin a kan riɗin Gagarawa. Matata kuwa ba ta daɗe da gama nata ba, a kan cututtukan shanu. Muna cin tuwo na miƙa mata wayar.

"Ke ma ki nema mana, ko don hannunki ya saba."

"Haba Malam, kana ciki ina ni ina samu?"

Maganar ta yi mini daɗi, har na zauna da jan biro na gyara mata takardunta.

Wata Talata na dawo daga sallar la'asar na same ta tsaye a tsakar gida, tana ƙoƙarin ɓoye murna. A hankali ta ce, "Malam, an ɗauke ni." Na ce masha Allah, na yi mata addu'a mai tsawo. Sannan na shige ɗaki na dinga duba wayata, ko ni ma saƙona ya maƙale a wani wuri. Da ya zo bayan kwana biyu, haƙuri aka ba ni.

Aikin nata na ɗibar jinin shanu ne a kara, kasuwar dabbobi ta Maigatari, duk ranar Alhamis, kuma ni ke kai ta a mota. Zuwanmu na uku, wani dattijon dillali ya ɗaga murya, "Ku ba mijin Dakta benci!"

Na ce, "Baba, ai ni ma Dakta ne."

"To, madalla! Na mutane ko na dabbobi?"

"Na riɗi."

Wurin ya ɗauki dariya. Ita ba ta yi ba, sunkuyar da kai ta yi, wannan kuma ya fi dariyar ƙona mini rai.

Da Alhamis ta zagayo na ce mata mota ta ƙi tashi. Ta rungumi kular kwalaben jininta ta tafi tasha. Tana fita na tayar da motar, na nufi Sule Tankarkar wurin mahaifiyata. Muna gaisawa Inna ta ce, "Yau ba kasuwar Maigatari ba ce? Wa ya kai ta?"

Na fara kame-kame. Ta dube ni ta ce, "Da ɗan wani gida ne ya samu aikin nan, da hankalinka ya fi kwanciya?"

A raina na san gaskiyar magana, da ya fi. Sai Inna ta ƙulla kuka da daddawa ta ce in kai wa surukarta.

Na riga matata isa gida. Ta dawo da yamma, ƙafafunta duk kashin shanu, na miƙa mata ƙullin.

"Ashe motar ta tashi," ta ce.

"Ta tashi."

Ta ɗauki buta ta tafi wanke ƙafa.

Na ci gaba da kai ta har shekara biyun suka cika, amma ban sake zama a bencin dillalai ba. A mota nake zama ina duba takardun ɗalibai. Tun daga nan na nemi irin wannan aiki sau huɗu. Na ƙarshen ita ta gyara mini takardun, kuma ta samu kurakurai da yawa.