Zama a Bakin Ƙofar Likitanci

A gidanmu na Old Trafford, a birnin Manchester na Ingila, akwai wani tsohon murhun gas a jikin bangon falo, irin wanda sai an danna maɓalli an riƙe, an yi ta ƙyas-ƙyas kafin ya kama. Nan ne fadar Iya, kakarmu ta wajen uba, duk lokacin da ta zo mana daga Kano. Wata shida bizarta ke ba ta, kuma ban san dalili ba kullum cikin hunturu take faɗowa, ta yi ta mita kamar mu muka kirawo sanyin. Takan ja kujera har ta kusa shigewa cikin wutar, safa biyu a ƙafa, rigar sanyin Baba a kan atamfa, warin man zafi ya cika ɗakin. A watannin nan tun ƙarfe huɗu ake Magariba, saboda haka kafin Baba ya dawo daga aiki ni da ƙanwata Jidda muna da doguwar yamma da ba mu san yadda za mu yi da ita ba. Iya ce ke cika mana ita da tatsuniya.

Sunanta aka sa mini, Bilkisu, don haka iyayena ba sa iya faɗinsa, Ummi suke ce mini. Ita kuwa takwara take kirana, kuma ba ta taɓa wahalar da kanta wajen ɓoye cewa ta fi sona ba. Jidda har gobe ba ta yafe wannan ba.

Iya tana da nata salon buɗe tatsuniya. Sai ta ƙwanƙwasa hannun kujera sau uku, ta ce, "Baƙuwa ce a waje, a shigo da ita ko a bar ta a sanyi?" Mu haɗa baki mu ce a shigo da ita. In ta gama kuma ta ce, "Ta tafi, ku tura ƙyauren." Ta ba mu tatsuniyoyi da yawa a gaban murhun nan, yawancinsu sun zube mini. Ɗaya ce ta maƙale, kuma da na san abin da za ta ja mini da na bar ta a sanyin.

Wai a wani gari an yi wata tsohuwa mai magani, wadda babu ciwon da ya gagare ta. Gidanta katanga ce doguwa da ƙofa ɗaya tak, kuma sai an yi shekaru kafin ƙofar ta buɗe a ɗauki mai koyo guda ɗaya. A can wani ƙauye kuma akwai wata yarinya gwanar kaɗi, zarenta siriri ne har masaƙa na rububinsa. Amma ita ba ta da buri sai ta koyi magani. Ta ajiye mazarinta, ta kama hanya, ta isa ƙofar tsohuwa. Ta tarar da mata jere a gindin katanga, wasu har da furfura, kowacce da 'yar tabarmarta. Ta samu wuri dab da ƙofar ta zauna. Kullum ta share bakin ƙofa, ta yayyafa ruwa. Rana ta dake ta, ruwa ya dake ta, 'yan ƙauyensu suka aiko ta dawo ga kaɗinta, ta ce ba inda za ta. A damina ta uku, wata safiya, sai ƙofa ta buɗe, hannu ya miƙo ya jawo ta ciki. Ta zama mai maganin da har sarakuna ke aiko mata.

"Why didn't she just knock?" in ji Jidda, da harshenta na 'yan Manchester.

"Me ta ce?"

"Wai me ya sa ba ta ƙwanƙwasa ba."

"Ki gaya wa Baturiyar nan ba a ƙwanƙwasa irin wannan ƙofa. Zama ake yi kusa da ita, a yi haƙuri."

Ni kuma wata rana na tambaya, "Iya, sauran matan fa? Masu furfurar?"

"Suna nan."

"Har yanzu?"

Ta miƙa tafukanta ga wuta, ta juya su. "Tatsuniyar ba tasu ba ce, takwara."

Amsar ta gamsar da ni. Ina 'yar shekara tara, kuma ban taɓa shakkar wace ce ni a cikin labarin ba.

Tun ina firamare aka yanke cewa likita zan zama, kuma ba zan yi ƙarya in ce tilasta mini aka yi ba. Ina so, so na gaske. Amma da sakamakon jarrabawar A-level ta ƙarshen sakandare ya fito, a shekarar da aka ninka kuɗin jami'a, sai ga shi na yi zarra a lissafi, na samu B a kemistiri. B ɗin nan kaɗai ya isa makarantun likitanci su ce ba da ni ba. Hanyar da ta rage ita ce in yi wani digirin, in na gama in sake nema. Tambayar kawai, wane digirin?

A da makarantarmu tana da wata mata da aikinta ke nan, ta zauna da ɗalibi ta warware masa irin wannan. Shekara guda kafin nan aka sallame ta, lokacin da gwamnati ke ta tsuke bakin aljihu, ofishinta ya koma wurin jibge karyayyun kujeru. Malamin lissafinmu ne kawai ya tare ni a baranda, ya ce in karanci lissafi. Ya ce a iya saninsa akwai makarantun likitanci da ke karɓar mai kowane irin digiri in dai sakamakonsa ya yi kyau, kuma ni zan yi kyau a lissafi ko ina barci. Sai dai ya ƙara da cewa in bincika, shi ba fanninsa ba ne. Wannan 'yar shakkar tasa ita ta kashe maganar a gidanmu.

"Maths?" in ji Baba. Injiniya ne, yana girmama lissafi, amma a ganinsa ba a nan wurin ba. "Ummi, me ya haɗa maths da asibiti? Bari mu kira Baffanki."

Baffa Aminu yayan Baba ne, babban likita a Kano, kuma a danginmu maganarsa kan karatu ba a ɗaga ta. Baba ya sa wayar a lasifika, ya ajiye a kan tebur.

"Wannan ai ba matsala ba ce," in ji Baffa. "Ni kaina ba da medicine na fara ba. Biochemistry aka ba ni, na yi shekara ɗaya na dage, na je na ga Dean, aka yi mini transfer. Rabin 'yan ajinmu haka suka shigo. Ta nemi course ɗin da ya fi kusa da medicine ta shiga, malaman ɗaya ne, ginin ɗaya ne. In suna ganin fuskarta kullum, za su jawo ta."

Na ji muryar Iya daga bayansa tana cewa, "Ku ba ni takwara. Takwara! Kin tuna yarinyar nan mai kaɗi?"

"Na tuna, Iya."

"To."

Abin da ta ce ke nan, amma ya fi mini duk bayanin Baffa nauyi. Ba wanda ya tsaya ya ce Kano ta shekaru talatin da suka wuce daban, Ingila daban. Ni ma da aka haifa a nan, wadda ya kamata in ɗaga waya in tambayi jami'ar da bakina, ban yi ba. Jin tsoron amsar nake yi. Na cike Biomedical Science, wato kimiyyar jikin ɗan'adam da cututtukansa, a wata jami'a a Birmingham, na tattara littattafan lissafina na ba Jidda.

Na sauka a unguwar Selly Oak, a wani gidan haya da muke mu biyar, ɗakina na kallon Bristol Road. Makonni shida na yi ina ɗoki. Muna shiga wasu darussan a gini ɗaya da ɗaliban likitanci, ina ganinsu a layin sayen shayi, ina cewa a raina baɗi war haka ina cikinku. Sai na je wurin malamar da aka ba ni a matsayin mai kula da karatuna, na tambaye ta yaya ake cike takardar komawa likitanci bayan shekarar farko. Ta cire tabarau ta dube ni da tausayi, irin tausayin da ya fi zagi ciwo. Ta ce a kwas ɗinmu babu wannan hanyar. Ta ce in gama shekara ukun, in fito da sakamako mai kyau, sannan in shiga layi da dubban masu nema. Ta tambaye ni wa ya gaya mini ana yin haka. Na ce wani ne a gida.

Na kira Baba daga tashar bas.

"Baba, sun ce ba a yin transfer."

"Haka suke cewa kowa da farko. Ki dai yi ta zuwa office ɗinta, ki riƙa gaishe ta."

"Baba, it doesn't work like that here."

"Ummi, ki yi haƙuri ki zauna. An riga an biya fees."

Na zauna. A lokacin zan iya fita in koma lissafi, asarar shekara ɗaya ce kawai, amma ina ganin fita tamkar in tashi daga bakin ƙofa ne ana gab da buɗewa. Karatun kuwa bai karɓe ni ba. Kaina na son abin da zan bi daki-daki in gano da kaina, nan kuma hadda ce tsagwaronta, sunaye a kan sunaye, in haddace yau su gudu gobe. Ga zuciyata ta riga ta karye tun makon nan na shida. Na fito da abin da ake kira 2:2, mataki ɗaya ƙasa da wanda yawancin makarantun likitanci ke nema kafin ma su buɗe takardar mutum. 'Yan kaɗan da ke sassautawa sai an ci wata jarrabawa mai tsanani da maki mai yawa. Na zauna mata sau uku, shekara uku a jere, ina aiki ina karatu. A ta ukun makina ya fi na farko ƙasa.

Akwai wata 'yar Ghana mai jin Hausa da muka yi haya tare a Selly Oak, tarihi ta karanta, tarihi fa, ta fito da sakamako mafi daraja. Yanzu likita ce. Ranar da ta aiko mini da hoton bikin gamawarta na taya ta murna da zuciya ɗaya, sannan na shiga banɗakin wurin aiki na yi kuka har aka ƙwanƙwasa mini.

Yau shekarata ta tara ke nan a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti, ina zaune a wani ƙaramin flat a unguwar Ladywood, nan Birmingham ɗin. Aikina in karɓi kwalaben jini da ake aikowa daga sama, in duba suna, in shigar a kwamfuta, in miƙa. Aiki ne na halal kuma ana bukatarsa, na sani, ba sai an tuna mini ba. Amma ɗakinmu a ƙarƙashin ƙasa yake, kuma ina jin takun likitoci a saman kaina.

Na sha juya tatsuniyar nan a raina. Da farko haushin Iya na ji, daga baya na Baffa, daga baya na kaina, kuma nan haushin ya samu wurin zama. Wani lokacin ina cewa wataƙila ko da na shiga likitancin haddar ce za ta kayar da ni, amma wannan ba ya sanyaya mini rai, don ban samu damar faɗuwa da kaina ba. Abin da na fahimta a makare shi ne, Iya ba ta ɓoye mana komai ba. Ta faɗa mana akwai mata jere a gindin katanga, ta faɗa mana sun yi furfura, ta faɗa mana yarinyar tana da sana'ar da ta fi kowa iyawa ta ajiye. Duk yana cikin labarin. Mu ne muka ɗauki mutum ɗaya da aka jawo ciki muka mai da ita ƙa'ida, kamar yadda muka yi da Baffa.

Iya ba ta sake zuwa Ingila ba, ƙafafunta sun ƙi, bizar ma ta yi wuya. Baba kuwa bai taɓa gaya mata yadda aka ƙare ba. Abin da ta sani kawai takwararta tana aiki a asibiti a Birmingham, ni ma na bar ta a haka shekara da shekaru, don ban da ƙarfin halin gyarawa.

Wata Asabar da hantsi, shekara biyu kafin rasuwarta, aka kira ni ta bidiyo daga Kano. Tana kishingiɗe a kan darduma, ta rame. Ta ɗago wani kwalin magani ta manna shi a jikin wayar har ba na ganin fuskarta.

"Takwara, duba mini wannan. Tunda na fara sha jiri nake ji. In ci gaba ko in bari? Na ce musu ba zan ƙara haɗiya ba sai likitata ta gani."

Ina iya karanta sunan maganin sarai. Na ma san aikinsa. Amma jiri a jikin tsohuwa mai hawan jini ba abin da zan yi wa kame-kame ba ne don in tsare mutuncina.

"Iya, ni ba likita ba ce."

"Ba ki gama ba tukuna?"

"Ba su ɗauke ni ba, Iya. Ba kuma za su ɗauke ni ba. An gama."

Kwalin ya sauka a hankali, fuskarta ta fito.

"To me kike yi a asibitin?"

"Jini nake karɓa in rubuta suna."

Ta gyaɗa kai. Na jira ta yi faɗa, ko ta ce in ƙara haƙuri, ko ta yi mini addu'a. Sai ta juya kwalin a hannunta, ta ajiye shi gefen filo.

"To, Allah ya yi miki albarka," ta ce. "Bari in jira Aminu ya dawo ya duba mini."