Yau ɗauke wuta ya cece ni

'Yan uwa, yau har addu'a na yi wa masu ɗauke wuta! 

Kun san shagon hoton da nake aiki a Makarfi. Yaya Sani mai shagon ya haɗa kwamfutarmu da wata ma'ajiya a intanet. A baƙin allo ake rubuta umarni, sai hotuna su tafi can. Ya ja min kunne: sunan kwamfuta farko, na ma'ajiya daga baya, domin na bayan ne ke komawa daidai da na farkon.

Ni kuwa na juya su! Ma'ajiyar sabuwa ce, wayam. Sai kwamfutar ta hau goge hotunanta don ta yi daidai da ita. Ga na bikin 'yar Hajiya Talatu ta Kudan a ciki, ba mu ba su ba tukuna!

Na ƙwalla ihu, "Innalillahi! Yaya, suna gogewa!"

Yana waje yana alwala. Kafin ya shigo, ɗif, aka ɗauke wuta!

Da ya tada janareta ya duba, tsofaffin hotunan fasfo kawai suka tafi. Na bikin suna nan, Alhamdulillahi!

Ya ce, "Ke Rabi, sai ki kai wa masu wuta goro."

Wallahi zan kai!