Hulunan da Babu Raga a Cikinsu

Ba zan rantse a kan duk abin da zan faɗa ba, don an kwana biyu, wasu fuskokin ma sun cakuɗe mini. Abin da na tabbata shi ne, gama karatuna ke da wuya aka ɗauke ni mai kula da lafiyar ma'aikata a wani ginin bene a Garuwa, a watannin zafi.

An raba wa kowa hular kwano, wadda muke ce wa kaske. A cikin kowace ya kamata a sami ragar madauri da ke hana kwanon taɓa ƙoƙon kai; in abu ya faɗo, ita ke shanye bugun. Ba a jima ba na lura hulunan wasu na sauka har bisa gira. Na karɓi ta wani dattijon birkila, Kirista daga duwatsun wajen Kolofata, na juya ta. Babu raga, sai jiƙaƙƙen tsumma.

"Baba, ina cikinta?"

"Haka aka ba ni, Shef," ya ce yana dariya, don Shef suke ce mini, wato shugaba. "Ko so kake ƙwaƙwalwata ta dahu kafin azahar?"

Na rasa wacce zan kama, maganar farko ko ta biyu. Na nufi mai sito, wanda ya raba hulunan.

"Malam, su ke yankewa, su cusa tsumma don sanyi. Ni kwali na buɗe na raba."

Na ce ya nuna mini ragowar. Ya ce makullin yana hannun direba. Wataƙila gaskiyarsa ce, amma na sake tambaya, direban dai bai dawo ba.

Na kai magana wurin injiniya, ya ce za a duba. Na roƙi dattijon kada ya tsaya ƙarƙashin masu ɗora bulo, ya ce to. Ranar Alhamis, ina jin, gutsuren bulo ya suɓuto daga hawa na biyu ya same shi a ka. Kwanon ko tsagewa bai yi ba. Shi kuwa ya rayu, sai dai kunnensa na hagu ya daina ji, bai kuma sake hawa gini ba.

A asibiti na sake tambayarsa. Ya juyo mini da kunnen dama.

"Shef, har yanzu kana kan hular nan?"

Washegari kowace hula a wurin aikin ta sami raga. Wasu sababbi fil, har da ƙamshin leda, wasu kuwa an ɗinke su da zare a inda aka yanka. Daga ina sababbin suka fito cikin kwana ɗaya, ban sani ba, kuma ba na so in ɗauki alhakin kowa.

Akwai waɗanda suka fi ni daɗewa a wurin. Duk wanda ya ga hular dattijon ranar da aka miƙa masa ita, don Allah ya sanar da ni ko da raga a ciki, in gyara inda na yi kuskure.